MTH 102, kalkulas na aji ɗaya: tambayoyin ɗalibai da amsoshinsu

Wannan shafi na ɗaliban aji ɗaya ne da suka yi rajistar MTH 102 a wannan zangon karatu a nan Kaduna, tare da 'yan aji biyu da ke maimaita shi. Tambayoyin su ne waɗanda ake tare ni da su kowace shekara a bakin ofis ko bayan an tashi daga lakca. Inda magana ta shafi dokar jami'a, littafin jagoran ɗalibai na sashenku shi ke da ta cewa. Inda ta shafi tsarin ajina, abin da na rubuta nan shi zan bi.

Malam, me za mu karanta a kos ɗin nan?

A manhajar CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, MTH 102 kos ne mai yunit 2. Yana zuwa bayan MTH 101, inda kuka yi aljabara da tiriganometiri. Za mu fara da fankishin, wato ƙa'idar da ke ɗaukar lamba ta ba da wata lambar, da zanensa a giraf, mu shiga limit, sannan difarenshiyeshan, wato hanyar gano saurin canjin abu, da dokokinsa, da yadda ake gano inda abu ya kai ƙololuwa ko ya sauka ƙasa. Rabi na biyu na zangon na intigireshan ne: faɗin fili, girman cikin abu, da hanyoyin ƙiyasi biyu, ta tirafiziyam da ta Simpson. Mako 15 gare mu, awa 2 a kowane mako.

Shi kansa kalkulas ɗin mene ne?

Lissafin abin da ke canzawa ne. Lissafin da kuka saba da shi a sakandare yawanci yana magana a kan abin da ke tsaye wuri ɗaya. Kalkulas kuwa yana da tambayoyi biyu. Ta farko: da wane sauri abu yake canzawa a daidai wannan lokacin? Ta biyu: idan na san saurin canjin a kowane lokaci, nawa aka tara gaba ɗaya?

Daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne. Idan mota ta tashi daga tashar Kawo ta isa cikin awa ɗaya, kowa zai ce ta yi gudun kilomita 80 a awa. Amma direba bai yi gudun 80 tun daga farko har ƙarshe ba. Ya rage a Maraban Jos, ya taka a inda hanya ta yi kyau, wataƙila ma ya tsaya sauke fasinja a Jaji. Wancan 80 ɗin matsakaicin gudu ne. Abin da allurar gudu take nunawa a gaban direba a kowace daƙiƙa, shi ne diribatif.

Ga yadda ake kamo shi da lamba. Ɗauki y = x², kana son sanin saurin canjinsa a x = 3. Matsa kaɗan zuwa 3.1: y ya tashi daga 9 zuwa 9.61, ƙarin 0.61 ke nan, a raba da 0.1 a sami 6.1. Rage matsawar zuwa 3.01, za ka sami 6.01. A 3.001 kuma 6.001. Ba za ka iya mayar da matsawar sifiri ba, domin ba a raba lamba da sifiri, amma ka ga inda amsoshin suka dosa: 6. Wannan wurin da suka dosa shi ake kira limit, kuma duk kos ɗin a kansa aka gina shi. Wanda ya fahimci wannan sakin layi da kyau, ba haddacewa ba, ya riga ya kama kan igiyar.

Intigireshan yana juya tambayar. A ce ruwa yana zuba a tanki, saurinsa yana ƙaruwa, lita 2t a minti bayan minti t da kunna famfo. Lita nawa suka taru cikin minti 10? Fankishin ɗin da diribatif ɗinsa ya zama 2t shi ne t², saboda haka lita 100. Cewa tambayoyin nan biyu kishiyoyin juna ne, ɗaya tana warware abin da ɗayar ta ƙulla, shi ne babban ginshiƙin fannin, kuma za mu kai gare shi a tsakiyar zango.

Ban yi Foda Mas (Further Maths) a sakandare ba. Zan iya kuwa?

Za ka iya. Ba na ɗauka cewa kowa ya taɓa yin kalkulas, daga tushe zan fara. Kusan dukanku ma kun ɗan taɓa shi a lissafin JAMB, tun da manhajarta ta ƙunshi difarenshiyeshan da intigireshan masu sauƙi. Waɗanda suka yi Foda Mas suna samun sauƙi a makonni uku ko huɗu na farko, sai dai wannan sauƙin kan ruɗi wasu su saki jiki, kafin su farga an wuce inda suka sani.

To me ya sa ake yawan faɗuwa a cikinsa?

Abu biyu ne, kuma babu ƙarancin basira a cikinsu.

Na farko aljabara. Idan na zauna duba takardun jarrabawa, mafi yawan makin da ake zubarwa ba a kalkulas ake zubar da shi ba. Ɗalibi zai yi difarenshiyeshan daidai, ya zo sauƙaƙa amsa ya rubuta (a + b)² = a² + b², ya mance da 2ab. Wata za ta raba sin(A + B) ta mayar da shi sin A + sin B. Wani ya kasa gane cewa 1/x² daidai yake da x mai ƙarfin −2, ko cewa x² − 1 yana rabuwa zuwa (x − 1)(x + 1). Wannan na ƙarshen shi ne mabuɗin tambayar limit da kusan kullum take fitowa: (x² − 1)/(x − 1) idan x ya doshi 1. Ka zuba 1 kai tsaye ka sami 0/0, wanda ba amsa ba ce. Ka raba na sama ka soke x − 1, sai ya rage x + 1, amsa 2. Aikin kalkulas a nan layi ɗaya ne, sauran duk na SS1 ne. Don haka a mako na farko zan ba ku tambayoyin bita na aljabara da tiriganometiri. Ba su da maki, amma wanda ya ga suna ba shi wahala ya zo ya same ni a makon, kada ya jira tes.

Na biyu shi ya fi damuna. Ɗalibai da yawa suna karanta lissafi da ido. Za su buɗe littafi su bi misalin da na yi a allo, kowane layi ya yi musu daidai, su rufe suna ganin sun gane. Ranar tes aka ba su farar takarda, sai hannu ya tsaya. Gane aikin wani daban, iya yin naka daban. Kamar koyon tuƙin keke ne: ko shekara ka yi kana kallon mai tuƙi, sai ka hau ka karkace ka miƙe kafin ƙafarka ta saba. Abin da nake nema a wurin kowa shi ne minti 40 zuwa awa ɗaya a kullum, da biro da takarda, littafi a rufe. Ka yi tambaya, ka maƙale, ka sake gwadawa, sannan ka duba. Maƙalewar nan ba alamar kasawa ba ce, a cikinta ake koyo.

Kuma kos ne da kowane mako yake hawa kan na baya. Akwai kwasa-kwasan da mutum zai iya tsallake babi na uku ya ci na huɗu. A nan wanda bai iya difarenshiyeshan ba, babu ta inda zai shiga intigireshan. Shi ya sa karatun dare biyu kafin jarrabawa ba ya ceton kowa a MTH 102.

Yaya ake raba maki?

Aikin cikin zango 30, jarrabawar ƙarshe 70. A ajina, 30 ɗin nan tes biyu ne masu maki 10 kowanne, da asayimen da gajerun tambayoyin aji masu maki 10. Sakamako kuwa bisa ma'aunin NUC: 70 zuwa 100 A ce mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da 40 kuma F.

Ku lura da nauyin 30 ɗin nan. Mai 24 yana buƙatar 46 cikin 70 ya sami A. Mai 8 sai ya kawo 32 kafin ya tsira da E kawai.

Ai yunit 2 ne kacal. Zai taɓa CGPA ɗina, wato matsakaicin sakamakona gaba ɗaya, sosai?

Mu lissafa. A ce kana ɗauke da yunit 20, ka sami B a sauran 18, maki 72 ke nan. Da A a kalkulas ka ƙara 10, 82 a raba da 20, GPA 4.10. Da F ba ka ƙara komai ba amma yunit ɗin suna nan a lissafi, 72 a raba da 20, GPA 3.60. Ratar 0.50 daga kos ɗaya. Sannan ga waɗanda ke injiniya da fizis da lissafi, kwasa-kwasan aji biyu a kansa suke zaune.

Dole ne zuwa lakca?

Dole ne. Ƙa'idar da jami'o'in Najeriya suka saba bi ita ce halartar kashi 75 cikin 100 kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. Cikin zama 15, kana buƙatar aƙalla 12. Na san wasunku daga Rigasa suke tasowa, wasu daga Mando ko Sabon Tasha ko Maraban Rido, kuma na san halin kuɗin mota da cunkoson safe, balle ranar da aka tashi da ruwa. Wanda ya makara ya shigo a hankali ya zauna, ba zan kore shi ba, gara rabin lakca da babu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani ya sa wa wani hannu a takardar halarta. Idan na kama, duka biyun sun rasa halartar ranar.

Idan tes ya wuce ni fa?

Rashin lafiya, rasuwa a gida, haihuwa, ko wani uzuri na gaskiya: a sanar da ni cikin mako ɗaya, ta hannun kodinetan aji, da takardar asibitin jami'a idan ciwo ne. Zan sa rana ɗaya ta tes ɗin ramuwa ga duk masu uzuri, da tambayoyi daban. "Ban ji sanarwa ba" ba uzuri ba ne, domin ranakun tes biyun zan faɗe su tun makon farko. Ba na sa tes a lokacin sallar Juma'a ko ranar Lahadi. Jarrabawar ƙarshe kuwa ba a hannuna take ba. Wanda ta wuce shi sai ya rubuta wa shugaban sashe.

Za mu iya yin asayimen tare da abokai?

Ina so ma ku yi. Ku haɗu uku ko huɗu ku yi gardama a kan tambaya, wanda ya gane ya bayyana wa saura, shi ma a nan fahimtarsa za ta ƙara zama. Sharaɗi ɗaya: bayan an tashi, kowa ya koma ya rubuta nasa da kansa, ba tare da takardar wani a gabansa ba. Kwafi ba ya ɓuya a lissafi, domin mai kwafi har kuskuren da ɓatacciyar alamar yake ɗaukowa. Takardun da suka zo iri ɗaya duk sifiri ne, da mai bayarwa da mai karɓa.

ChatGPT da Photomath fa? Haramun ne?

A tes da jarrabawa babu waya kwata-kwata. A gida ba zan iya hana ku ba, kuma ba na so in hana ku abin da zai amfane ku. GeoGebra da Desmos, manhajojin zana giraf, kyauta ne, suna aiki a waya, kuma ina roƙon kowa ya sa ɗaya. Ka zana y = x³ − 3x ka ga tudun da ke x = −1 da kwarin da ke x = 1 da idonka, sannan ka warware 3x² − 3 = 0 ka ga lambobin sun fito daidai. Wannan ya fi bayanina na rabin awa.

Masu ba da amsa kai tsaye su ne abin tsoro. Ka ɗauki hoton tambaya, amsa ta fito da matakanta, ka kwafe, ka sami 10 ɗinka na asayimen, ka shiga ɗakin jarrabawa mai maki 70 hannu wofi. Idan za ka yi amfani da su, ka fara yin tambayar da kanka har ƙarshe, sannan ka gwada da tasu. Idan kun saɓa, ka nemo inda kuka rabu, domin wani lokaci na'urar ce ta yi kuskure, ba kai ba. Kuma nakan kira ɗalibi ya bayyana mini layi ɗaya daga asayimen ɗinsa. Wanda ya kasa bayyana abin da ya rubuta, makin ba nasa ba ne.

Wace irin kalkuleta aka yarda da ita?

Ta kimiyya wadda ba a iya adana rubutu a cikinta. Ku koyi mayar da ita kan radiyan. A kalkulas da radiyan ake auna kusurwa, π radiyan daidai da digiri 180, kuma dokar da ta ce diribatif ɗin sin x shi ne cos x a radiyan kaɗai take aiki. Gwada sin 0.01 a radiyan: za ka ga kusan 0.01. Idan ka ga 0.00017, kalkuletarka tana kan digiri.

Idan amsata ta yi daidai amma ban nuna matakai ba?

Maki kaɗan za ka samu. A tambaya mai maki 10, amsar ƙarshe ba ta wuce 1 ko 2 ba, sauran na hanya ne. Wannan alheri ne gare ku: wanda ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe zai kwashi mafi yawan makin. Kada ka bar tambaya fanko, rubuta dokar da kake ganin ta dace ka fara. Kada kuma a mance + C a intigireshan marar iyaka. Ba ado ba ne: x² da x² + 7 duk diribatif ɗinsu 2x ne, don haka idan ka juyo baya dole ka bar wa wannan lambar gurbi.

Me ke faruwa da wanda aka kama da satar amsa?

Magana ta fita daga hannuna. Mai sa ido zai cike fom, a miƙa wa kwamitin ladabtarwa, hukunci kuma yakan kai dakatarwa ko kora. Shiga da waya, ko da a kashe take, yana cikin laifin. Ban da dokar jami'a, akwai dokar ƙasa ta 1999 a kan maguɗin jarrabawa. F ana gyara ta shekara mai zuwa. Kora ba ta da gyara. Ba na son ganin ko ɗayanku a gaban wannan kwamiti.

Akwai handawut na sayarwa? Kuma ana iya "ganin Malam"?

Babu. Bayanan lakca da tambayoyin gwaji zan ba wakilin aji kyauta, ya tura muku. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi da sunana, ƙarya yake yi, ku faɗa mini. Maki ba ya sayuwa da kuɗi ko kyauta ko roƙo, kuma kada a turo mini kawu ko yaya. 'Yan mata musamman: idan wani, ko wane ne shi, ya nemi wani abu a wurinki don maki, ki kai ƙara wurin shugaban sashe ko ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ofishina a buɗe ƙofarsa take duk lokacin da nake ganin ɗalibi.

Zan iya yin tambaya da Hausa?

A ofis, ƙwarai kuwa, kuma da Hausa zan amsa har sai ka gane. A aji da Turanci za mu yi, domin ajin Kaduna ne, akwai Bajju da Atyap da Gbagyi da Yarbawa da Ibo da sauransu, kuma da Turanci za a yi jarrabawa. Kada kunyar Turanci ta hana ka ɗaga hannu. Tambayar da kake jin nauyin yi, rabin aji suna jiran wanda zai yi ta.

Ni ba lissafi zan karanta ba. Ina amfaninsa gare ni?

Ga mai lambu a bakin kogin Kaduna, yana da wayar shinge mita 100, yana so ya kewaye fili mai kusurwa huɗu, kogin ya tsare masa gefe ɗaya. Wane tsari zai ba shi fili mafi girma? Yawancin mutane za su raba wayar uku daidai, su sami kimanin murabba'in mita 1,111. Kira kowane gefen da ya doshi kogi x, ɗaya gefen ya zama 100 − 2x, faɗin fili x(100 − 2x). Diribatif ɗinsa 100 − 4x, ya zama sifiri a x = 25. Fili mita 25 da mita 50, murabba'in mita 1,250. Waya ɗaya, kuɗi ɗaya, ƙarin fili kusan 139.

Irin wannan tambayar ce injiniya yake yi a kan ƙarfe da siminti, masanin tattalin arziki a kan riba da tsada. Mai karatun haɗa magunguna yana lissafa yadda magani ke raguwa a jini bayan an sha, mai kula da lafiyar jama'a yana bin saurin yaɗuwar cuta. Na'urorin basirar kwamfuta da kuke tambaya a waya ma da diribatif ake horar da su.

Su wa suka ƙirƙiro shi?

Isaac Newton a Ingila ya tsara shi a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Cambridge. Gottfried Leibniz na Jamus ya gano shi da kansa, ya riga bugawa a 1684, kuma alamominsa, dy/dx da ∫, su muke rubutawa har yau. Amma sun tarar da aiki a ƙasa. Arkimidis na Girka ya auna faɗin filin da lanƙwasar farabola ta kewaye tun fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya samo hanyar tara lambobi masu ƙarfi huɗu don auna girman cikin wani siffa mai kama da ƙwarya. A nan gida, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malami daga Katsina, ya yi rubutu a 1732 a kan jadawalin lambobi mai murabba'i wanda kowane layinsa jimla ɗaya yake bayarwa, kuma Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Ina kawo su ne saboda ɗalibin da yake ce mini "mu ba mu da kan lissafi".

Kari-oba nake yi. Akwai wani tsari daban gare ni?

Dokokin ɗaya ne. Makinka na bara ba ya biyo ka, sai ka sake tes da asayimen. Ka tabbata ka sake rajistar kos ɗin a fotal, in ba haka ba sakamakonka ba zai fito ba. Idan lokacin lakca ya ci karo da wani kos na aji biyu, ka zo da jadawalinka a mako na farko mu ga yadda za a yi. Ka zo kuma mu zauna mu gano inda ka tsaya bara, domin sau da yawa wuri ɗaya ne ko biyu, ba duka kos ɗin ba.

Idan ina ganin an yi kuskure a makina?

Takardun tes zan dawo muku da su. Wanda ya ga an yi kuskuren tarawa ko an tsallake wani shafi, ya kawo cikin mako ɗaya, in sake dubawa a gabansa. Na jarrabawar ƙarshe kuma akwai hanyar neman sake dubawa a rubuce ta ofishin shugaban sashe, kuma haƙƙinka ne ka bi ta.

Yaushe za mu same ka, kuma da me za mu zo?

Awannin ganin ɗalibai suna liƙe a ƙofar ofis, wakilin aji ma yana da su. Ba sai ka nemi izini ba. Ka zo da littafin da kake aiki a ciki, ka nuna mini tambayar da layin da ka tsaya, ko da layi biyu kawai ka iya rubutawa. Ranar lakca ta farko kowa ya zo da littafin rubutu mai kauri na kalkulas kaɗai, da kalkuleta, da bayanansa na MTH 101, domin daga fankishin za mu tashi.